Kurakuran da mu malaman lakwal muke yi in yara sun hana aji zaman lafiya

Abin da na fi gani a lakwal-lakwal ɗinmu na Maradi shi ne mushe ya fita ya bar shef ɗin kilas da takarda wai ya rubuta sunan masu surutu. Yaro ɗan shekara 10 ka ba shi wannan iko, wallahi wanda suka yi faɗa da shi jiya a unguwa shi zai fara rubutawa, wanda ya ba shi ƙosai a rakare kuwa ko aji ya ɗauka da ihu ba za ka ga sunanshi ba. Ka dawo ka zane marar laifi, ka ƙulla gaba tsakanin ɗiyan mutane. In fita ta kama ka bar musu aiki a allo, ka ce kowa zai nuna ardozi in ka dawo, shef aikinshi raba alli kawai.

Sai dukan gayya, mutum biyu sun yi magana a sa aji duka durƙuso cikin ranar watan Afrilu. Masu natsuwar ma sai su ga natsuwa ba ta da riba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne hukunta yaro don ya yi Hausa a aji. Ɗan CI, wato ajin farko na firamare, da bai taɓa jin Faransanci a gida ba, bai gane mi kake faɗa ba, dole ya juya ya tambayi na kusa da shi, kai kuma ka kira shi mai surutu. Tun 2025 ma kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa. Ka fassara mishi umurnin da Hausa, ka gani in bakin bai ragu ba.

Dubi wurin zama kuma. Mai fitina a can ƙurya bayan aji sau da yawa allon ne ba ya gani, ko bai karya ba ya taho. Maido shi gaba, ba shi sharar allo ko rabon kaye.

Korar yaro waje ba magani ba ne, kasuwa ko tasha zai nufa. Kuma kada ka jira sai abu ya ɓaci kafin ka nemi uwaye, tun rantire a Oktoba ka san su, in lamari ya fi ƙarfinka ka kai ma direkta da 'yan COGES, wato kwamitin kula da lakwal, a zauna da uban yaron.