Kibiyarka na ta yawo? Duba hannunka tukuna

Mu da muke taruwa da la'asar muna harbin baka a wani fili can kan hanyar Tsibiri, da kibiya ta kauce sai ka ji an ce iska ce, ko bakan ne ya karkace. Wallahi sau da yawa ba iska ba ce, wurin da kake tsayar da hannu ne ke canzawa. Yanzu ka ja tsirkiya ta kai gefen baki, anjima ta tsaya a kumatu, na uku ka kai ta kusa da kunne, to ta yaya kibiyoyi uku za su sauka wuri ɗaya? Zaɓi wuri guda, ni ɗan yatsana manuni nake dafawa a gefen baki, kullum nan, ko na gaji nan. 'Yan Olamfik da ke harbi daga mita 70 galibi ƙarƙashin haɓa suke kafa hannu, tsirkiya ta taɓa hanci da leɓe, kuma ba sa sauyawa.

Sai damƙe baka kamar za a ƙwace maka, wannan murɗa shi yake yi. Bari ya zauna a tudun babban yatsa, sauran yatsu a sake. In tsirkiya na dukan hannunka har ya yi tabo, juya gwiwar hannu ta kalli waje.

Sakin tsirkiya shi ya fi ba ni wahala, na daɗe ina fizge ta gefe ina mamakin me ya sa kibiya ke tafiya hagu da dama. Ba fizga ake ba, yatsun kawai za ka sassauta, kana ja da ƙarfin tsokar bayanka wajen allon kafaɗa, hannun ya zame baya da kansa ya bi ta wuya. Kuma don Allah kar ka sauke baka don ka leƙa inda ta faɗa, tsaya cak sai ka ji ta caki buhun da kake harbi.

Yara na son baka mai tauri don a ce suna da ƙarfi, hannu na rawa, kafaɗa ta ɗage har kunne. Ba su mai laushi, su fara daga mita 10. Kada kuma kowa ya saki tsirkiya babu kibiya a kai, baka na iya tsagewa a hannunsa.