Tauraro huɗu ba yabo ba ne: tukwici da makin direban Uber a Amurka

A gida, ɗalibin da ya ci 80 bisa 100 har barka ake yi masa. Da wannan lissafin sababbin zuwa da yawa ke danna wa direban Uber ko Lyft (kamfanonin motar haya da ake kira ta manhajar waya) tauraro huɗu cikin biyar, suna ganin sun kyauta masa. Alhali a nan Amurka huɗu ƙorafi ne. Uber na duba tafiye-tafiye 500 na baya-bayan nan da aka ba direba maki ta fitar da matsakaici, Lyft kuwa 100. Da zarar makin ya doshi 4.6 hankalin direba ya tashi, don kamfani na iya rufe masa manhaja, ka ga an taɓa masa abinci ke nan.

Saboda haka in ya kai ka lafiya, mota tsaf, bai yi ganganci ba, ba shi biyar ɗinsa. Cunkoson hanya ba shi ya haɗa ba, kuɗin da ya yi tsada ma ba shi ya yanka ba. Ƙaramin maki na mai latsa waya yana tuƙi ne, ko mai sakin baki. A Lyft in ka ba da uku ko ƙasa da haka, ba za a sake haɗa ku ba.

Sai batun tukwici. Mu da muka saba ciniki da mai adaidaita sahu har a rage naira hamsin, a ce wai ka ƙara kuɗi bayan ka biya, abin na yi mana banbaraƙwai. Amma direban nan ba albashi yake ɗauka ba. Mai, gyaran mota, inshora, duk daga aljihunsa, kuma kamfani ya riga ya ciri kasonsa. Tukwicin ne kaɗai ke shiga hannunsa gaba ɗaya. Uber ta sa shi cikin manhajarta a 2017, kuma tana ba ka kwana 30 ka ƙara in ka manta. Ba dole ba ne, amma al'adar gari ita ce kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, ko dala biyu zuwa biyar in tafiyar gajeriya ce. Ranar da ka sauka a filin jirgi da akwatuna huɗu, kowanne kilo 23, cike da garin kuka da daddawa, bawan Allah ya fito cikin sanyi ya taya ka cusa su a but, dala biyu ta yi kaɗan. Ba shi goma. Tsabar kuɗi a hannu ma ana karɓa.

Wani abin da ba a cika gaya wa baƙo ba: kai ma direba na ba ka maki. Abubuwan da ke zubar da shi ƙanana ne. Ka kira mota alhali ba ka ko sa takalmi ba, ya yi ta zaman jira. Ka buɗe murya kana hirar WhatsApp da mutanen gida. Ka ci abinci a ciki, ko ka rafka ƙofa da ƙarfi kamar ta tsohuwar tasi. In makinka ya yi ƙasa, direbobi sai su riƙa kauce wa kiranka. Masu jarirai kuma ku zo da kujerar yaro, domin doka ce, kuma direba na da ikon ƙin ɗaukar ku in babu ita.