Yadda ake jan raga a kan fiffiken da ƙanƙara ta taru ba tare da ta naɗe ba

Duk ɗalibin da na yi wa maganar ƙanƙara a fiffiken jirgi a nan Yamai, dariya yake fara yi, ga zafin Afrilu ya haura digiri 40. Ya manta cewa kowace kilomita da jirgi ya hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5. Jirgin Air Algérie da ya faɗi a Mali a Yulin 2014, ƙanƙara ce ta toshe na'urorin auna matsin injinsa.

Ragar da nake nufi ita ce wadda ake saƙawa a kwamfuta, a rarraba sararin da ke kewaye da fiffike zuwa ƙananan idanu don a lissafa yadda iska ke gudana; in ƙanƙara ta taru, sai an ja ragar ta bi sabuwar siffar. Ba zan tsaya koya maka zana siffar fiffike ta NACA 0012 ba, ka buɗe Gmsh, manhajar saƙa raga, kyauta ce. Idanun raga su yi ƙanana ƙwarai a goshin fiffike, nan ɗigon ruwa ke bugawa ya daskare. Layin farko da ke manne da jikin fiffike ya yi siriri har y+, ma'aunin kusancin layin da jikin fiffike, ya kusa 1, kowane layi na sama kada ya fi na ƙasansa kauri da sama da kashi 20 cikin 100.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen jan ragar. Yaro zai lissafa ƙanƙarar minti 6 a tashi ɗaya, ya tura fuskar fiffike waje, ya ce ragar ta bi. In sanyi ya yi tsanani, ƙanƙarar fara ce, tana bin siffar goshin, ragar na jurewa. Amma kusa da digiri 0 ruwan kan ɗan gangara kafin ya daskare, sai ƙahoni su fito. A gindin ƙaho, inda fuskar ta lotsa, layukan na cin karo, ido ya hau kan ido, girmansa ya koma ƙasa da sifili. Ni ma na kwana a kan wannan, da asuba na tarar da lalatattun idanun raga guda uku kacal a gindin ƙahon sama, sun kashe lissafin gaba ɗaya.

Saboda haka ka yanka lokacin gunduwa-gunduwa, minti ɗaya-ɗaya. Kafin ka tura fuskar, ka ɗan goge kaurin ƙanƙarar don kada wani tsini ya fito. Hanyar da ake ɗaukar layukan raga kamar sifirin, ni na daina amfani da ita. RBF nake so, lissafin da ke rarraba motsin fuskar ga sauran ragar gwargwadon nisa, ko hanyar roba ta manhajar SU2, inda ƙananan idanun da ke kusa da jiki suka fi tauri, su tafi tare da fiffiken, manyan na nesa su sha miƙewar. Bayan kowane mataki ka duba ingancin ragar, in da manhajar OpenFOAM kake aiki, umarnin checkMesh ne ke yin wannan. Ƙaho ya fara lanƙwasa? Daina ja, sake saƙa sabuwa. Kuma ka riƙa ajiye kowane mataki, wutar Yamai a lokacin zafi ba a yi mata alkawari.

Sauran sai maimaici: iska, ɗigon ruwa, daskarewa, raga. A ƙarshe ka kwatanta ƙarfin ɗagawar fiffiken da na wanda babu ƙanƙara a kansa.