In kwamfuta ta ƙi tashi bayan an ɗauke wuta

Shekara tara ke nan ina riƙe da shagon buga takardu, kuma dawowar wuta ta fi ɗaukewarta yi mini ɓarna. Makon jiya ina tsakar buga wa wata ɗaliba furojet, aka ɗauke, aka dawo da ita da ƙarfi, kwamfuta ta yi gum.

Kafin ka saɓe ta zuwa wurin mai gyara, fara da filogi. Filoginmu mai ƙafa uku akwai fis a cikinsa, galibi mai amp 13, kuma shi ke fara ƙonewa. Ari wata wayar wutar kwamfuta ka gwada, ka jona ta kai tsaye a bango, ban da sitabilaiza. Sau da yawa a nan magana ke ƙarewa. In har yanzu shiru, zare wayar, ka danne maɓallin kunnawa kamar sakan 30, ragowar wutar da ta maƙale ta fita. Laftof kuwa a cire caja, da batir in mai ciruwa ne.

Tawa dai fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, sai ƙara take, tit, tit, tit. Wannan yawanci RAM ne, wato ɗan siririn katin ma'adanar wucin gadi da ke soke a cikin kwamfuta. Zare waya tukuna, buɗe murfi, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa komai a ciki. Ture 'yan makullan gefe biyu, ka zaro RAM ɗin. Nawa ƙurar hunturu ta yi masa kaca-kaca, sai da na bi haƙoran nan masu ruwan zinare da magogin fensir a hankali. Wajen mayarwa danna sosai har ka ji ƙas. Mutane na jin tsoron karya shi, sai su bar shi rabi a waje. In guda biyu ne, gwada su ɗaya bayan ɗaya. Bai yi ba? Nemo ɗan batirin nan na cikin kwamfutar mai kama da kwabo, CR2032, cire shi minti biyar ka mayar.

Akwatin wutar kuwa, wato ƙaramin akwatin da wayar wuta ke shiga a bayan kwamfuta, don Allah kada ka kwance shi, yana riƙe wuta ko an zare waya. In ka ji ƙauri, saya sabo kawai.

Wani lokaci za ta tashi, amma Windows ta tsaya tana ta juyi. Kashe ta da maɓalli tana cikin tashi, sau uku a jere, Automatic Repair, wato shafin gyara na Windows, zai fito da kansa. Zaɓi Startup Repair. In ya gaza, shiga Command Prompt, baƙin allon rubuta umarni da ke cikin zaɓuɓɓukan shafin, ka rubuta chkdsk C: /f, domin yankewar wuta kan lalata abin da ake cikin rubutawa a had dis. Kuma duk wanda ya ce a yi fomatin, ka ce ya fara kwashe maka fayilolinka.

Furojet ɗin yarinyar ya dawo, sai shafi biyu da ban yi sebin ba. Na sake buga mata su kyauta, washegari na je kasuwa neman UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke.