Yadda Baƙon Biki Zai Ci Moriyar Zamansa a Garin Jami'a

Garin da jami'a ce ƙashin bayansa yana tafiya ne bisa jadawalin karatu, don haka wanda aka gayyata biki a irin wannan gari ya fara duba ranakun jami'ar tun kafin ya kama masauki. Idan bikin ya faɗo a makon yaye ɗalibai, ko a makon da sababbin ɗalibai ke isowa da iyayensu, ɗakunan otal kan ƙare da wuri, kuɗinsu kuma ya yi tashin gwauron zabi. A Amurka akwai ƙarin cunkoson wasan ƙwallon jami'o'i na ranakun Asabar daga Satumba zuwa Nuwamba: filin wasan Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor yana cin mutum fiye da 107,000, kuma a irin wannan rana wurin ajiye mota ma sai an sha wuya. A lokacin hutu kuwa, jami'o'i da dama, ciki har da kwalejojin Oxford da Cambridge a Ingila, suna ba baƙi hayar ɗakunan ɗalibai, galibi a kan kuɗin da bai kai na otal ba.

Abin kallo mafi daraja yawanci yana cikin harabar jami'ar ko a gefenta, kuma da ƙafa ake zagaya shi. Ka nemi abubuwa uku: gidan kayan tarihi, lambun tsirrai, da tsohon ɗakin karatu. Gidan tarihi na Ashmolean a Oxford, wanda aka buɗe a 1683, ba a biyan ko kwabo a shiga, lambun tsirran jami'ar kuma tun 1621 yake nan. Sai dai a ganina ƙananan wuraren da ba a cika tallatawa ba sun fi kama zuciya. A Heidelberg ta Jamus akwai kurkukun da jami'a ke tsare ɗalibai masu rashin ji a cikinsa har zuwa 1914; bangonsa da rufinsa cike suke da sunaye, da ranaku, da zanen fuskokin da fursunonin suka yi wa kansu, domin daga baya shiga cikinsa ta zama abin alfahari a tsakaninsu. Rabin sa'a a irin wannan wuri ya fi yini guda na bin gine-gine a guje.

Ka tuna cewa wurin karatu ne. Lokacin jarrabawa akan rufe wasu sassa ga baƙi, a kwalejojin Ingila da yawa kuma an hana taka ciyawar tsakar gida. Ka kuma kula da masu keke, don ba sa jiran wanda ya tsaya ɗaukar hoto a tsakiyar hanya.

Game da abinci, titin da ya fi kusa da babbar ƙofar jami'a shi ne na masu sayarwa da araha har tsakar dare, kuma yawan ɗalibai 'yan ƙasashen waje kan sa a sami girke-girke iri-iri, har da na masu neman halal ko masu ƙaurace wa nama. Idan jami'ar na da tsangayar aikin gona, ka tambaya ko tana sayar da abin da take sarrafawa; jami'o'in Penn State da Cornell na Amurka duk sun yi suna da askirim ɗin da suke yi. Idan kuna da yawa, ku kama teburi tun da wuri, ku kuma tabbatar da lokacin buɗewa, domin gidajen abinci da dama kan rage aiki idan ɗalibai sun tafi hutu.

Yawo mai nisa ka bar shi sai washegarin biki. A ranar kanta, ziyara ɗaya da safe ta isa, ka dawo masauki da sauran aƙalla sa'a biyu ka kintsa. Idan a cikin harabar za a yi taron, ka tambayi masu biki inda aka ware wa baƙi su ajiye mota, saboda yawancin filayen na masu takardar izini ne, kuma ana cin tarar wanda ya saɓa.