Yadda jami'a za ta gina ingancin da zai daɗe, da yadda za ta auna shi

Na taɓa shiga wani lab a wata jami'a ana jibi masu tantancewa za su zo, an share shi tas an yi fenti, ga na'urori an jera gwanin sha'awa. Bayan sati biyu na sake leƙawa na tarar rabin kayan babu su, ashe aro aka yi. Wallahi abin ya tsaya min a rai har yau, domin yaran da za su yi shekara huɗu suna karatu a ɗakin nan su aka zalunta. Shi ya sa nake son mu yi maganar ingancin da yake nan ko babu baƙo, ko an canja shugaba.

Da farko ku zauna ku rubuta me kuke nufi da inganci a jami'arku, a takarda ɗaya kawai. Jami'ar da aka kafa don horar da malamai ko ma'aikatan jinya ba daidai ba ne ta riƙa auna kanta da Harvard. Jadawalin Shanghai mai jera manyan jami'o'in duniya, da aka fara a 2003, alal misali, ya fi kallon lambar yabo ta Nobel da binciken da ya fito a manyan mujallu, ba ya gaya maka ko ɗalibinka ya fahimci lakca. Ku zaɓi ma'auni biyar ko shida da suka dace da aikinku, ku riƙe su shekara da shekaru, kar duk wanda ya hau kujera ya zo da nasa.

Na biyu, kuma nan ne nafi damuwa, ku bi sawun ɗalibai. Nawa aka ɗauka, nawa suka gama a kan lokaci, a wane aji suke zubewa, wane kwas ne kullum yake kayar da rabin aji. In kwas ɗaya ya kayar da yara shekara uku a jere toh ba laifin yara ba ne kaɗai, a duba manhaja, a duba yadda ake koyarwa, a duba ko ma mutum ɗari huɗu ake cusawa a ajin da na baya ko muryar malami ba ya ji. Sannan bayan sun fita kar a ce shikenan an rabu. A Birtaniya ana tuntuɓar waɗanda suka gama digiri bayan wata 15 a ji me suke yi, aiki ne ko ƙarin karatu. Ku ma za ku iya, ku karɓi lambar waya da imel kafin a ba mutum sakamakonsa, ku kira su bayan shekara, ku tambayi waɗanda suka ɗauke su aiki me suka iya, me kuma sai da aka sake koya musu daga tushe. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita ya kamata ta gyara manhaja.

Sai malamai. Ku lissafa ɗalibi nawa ke kan malami ɗaya a kowane sashe daban, domin jimillar jami'a baki ɗaya tana ɓoye matsala. Ku duba su waye za su yi ritaya nan da shekara biyar, wa kuma ake rainowa ya gaje su. Wajen ƙarin girma kuma a daina ƙirga takardun bincike kawai, abinda ke tura mutane ga mujallun bogi kenan masu karɓar kuɗi su buga komai. Sanarwar DORA ta San Francisco a 2012 kan yadda ake auna bincike, abinda ta nema kenan, a karanta aikin mutum a auna shi da abinda ya ƙunsa maimakon sunan mujallar da ya fito.

Na huɗu kuɗi. Jami'ar da ta dogara da hanya ɗaya tilo, gwamnati ce ko kuɗin makaranta, ranar da hanyar ta toshe komai tsayawa zai yi. A nemi tallafin bincike, a yi hulɗa da kamfanoni, a buɗe asusun wakafi da tsofaffin ɗalibai za su riƙa zubawa, manyan jami'o'in Amurka kusan kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari suke cira daga irin wannan asusu a shekara don kar a cinye uwar kuɗin. Kuma don Allah kafin a sayi na'ura a tambaya wa zai gyara ta, ina kayan gyaranta, akwai kasonta a kasafin baɗi? Haka ma gini.

Batun wuta da ruwa da shara ba ya buƙatar dogon zance, a sa mita a kowane gini, a rubuta abinda ta nuna duk wata, a gwada da na bara. Mai son gwada kansa da wasu akwai UI GreenMetric, jadawalin da ke auna jami'o'i kan kula da muhalli, da Jami'ar Indonesiya ta fara a 2010.

Daga ƙarshe a kafa ofishin kula da inganci na cikin gida mai haƙori, wanda rahotonsa ke zuwa majalisar jami'a kai tsaye ba sai ya bi ta teburin wanda ake bincika ba. A kawo masu duba jarabawa daga wasu jami'o'i. A buga alkaluman duk shekara da hanyar lissafi iri ɗaya, har a shekarar da suka yi muni. In kuma kun raba wa ɗalibai fom a ƙarshen semista sun ce laburare na rufewa da wuri, toh semista mai zuwa ku liƙa sanarwa a ƙofarsa, ga abinda kuka ce, ga sabon lokacin rufewa.