Yadda ake feɗe babbar lamba ba tare da kalkuleta ba

A ƙauyukanmu na wajen Ringim da Taura, da zarar kuɗin rabon gado ko na ƙungiyar manoman shinkafa ya kai alƙaluma shida, sai kowa ya laluba waya. Abin yana damuna, domin takarda da biro sun isa. Mu ɗauki 360,360.

Fara daga wutsiya. Alƙalamin ƙarshe sifili ne, saboda haka cika ce ba mara ba, kuma 2 da 5 da 10 duk suna raba ta. Dubi uku na ƙarshe, 360. In 8 ta raba su, ta raba lambar gaba ɗaya. Ta kuwa raba, sau 45. Ke nan da gado ne, sumunin matar mamaci 45,045 cif, ba ko kwabo a kai.

Sai ka tara alƙaluman: 3 da 6 da 3 da 6, 18. Tunda 9 tana shiga 18, to 3 da 9 sun shiga.

Yanzu mataki mai daɗin. Yanka lambar gida biyu, uku-uku, ka debe ƙaramin ɓangare daga babban. In 7 ko 11 ko 13 ta raba abin da ya rage, ta raba uwar lambar. A nan 360 ban da 360, babu saura, su ukun duk sun shiga. Sirrin shi ne 7 sau 11 sau 13 yana ba da 1,001, kuma duk lamba mai alƙaluma uku da ka ninka da 1,001 maimaita kanta take yi. Sa yaro ya gwada da 245,245, ka kalli fuskarsa.

Daga nan jera tubalan da aka gina ta da su, wato lambobin da ba mai raba su sai 1 da su kansu: 2×2×2×3×3×5×7×11×13. Ƙirga sau nawa kowane tubali ya fito, ka ƙara masa ɗaya, ka ninka: 4×3×2×2×2×2. Amsa 192, yawan lambobin da ke raba ta ke nan. Ita ce mafi ƙanƙantar lambar da 1 har zuwa 15 ke rabawa ba saura. A 16 ne take cijewa, domin 2 ɗinta uku ne kacal.

Saura ajinta. Masana lissafi tun zamanin Girkawa suna tara masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimillar ta yi daidai da ita, kamar 6 da 28, kammalalliya ce. In ta gaza, mai gibi. In ta zarce, mai rara. Ba sai ka tara sauran 191 ba. Rabinta 180,180, sulusinta 120,120, rubu'inta 90,090, jimilla 390,390. Ukun nan kaɗai sun wuce ta, mai rara ce.